Fassarar Kawu

A gidanmu na titin Huanshi Lu a China, hawa na tara, akwai wani Bafaranshe da ba mu taɓa gani ido da ido ba, amma mun san shi kamar maƙwabci. Ɗan barkwanci ne. Umma ta sa masa suna Mai Kunne, domin kunnuwansa sun buɗe gefe da gefe kamar hannun tukunya. Kawu, ƙanen Umma, shi ya kawo mana shi cikin faya-fayan da yake saye wurin wata tsohuwa a ƙarƙashin gadar Xiaobei.

Abba Bakano ne, yana da ofis a benen Tianxiu inda yake loda wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida. Umma 'yar Maradi ce, ba ta yi lakol ba, wato boko, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Kawu kuwa ya yi lakol sosai, kuma kafin ya fara zuwa kasuwar Shahe sarin wanduna ya yi wasan kwaikwayo a Maradi, har ana nuna shi da yatsa a kasuwa. Ni lokacin shekarata goma sha ɗaya, ina makarantar 'yan China, bencina na ƙarshe kusa da taga. Ba na magana. Malamarmu ta taɓa tambayar Abba ko bebiya ce ni.

Bayan la'asar Kawu yakan zo, ya cire takalmi, ya sa faifai, ya tsaya gefen talabijin da rimot a hannu. Ba ya zama. Mai Kunne ya faɗa da Faransanci, Kawu ya mayar da Hausa, da muryar mace in ta mace ce, da ta tsoho in ta tsoho ce. A bakinsa muka ji tarihin mutumin tun daga farko. Faya-fayan farko shi kaɗai ne a kan dandamali, da kujera ɗaya, yana kwaikwayon uwarsa: yadda take ciniki, yadda take faɗa da rediyo, yadda take kiransa a waya ta ce ba ta da abin faɗa sannan ta yi awa guda. Daga baya aka fara sa shi a fim, direban tasi ko ɗan sanda mai barci, ya fito sau biyu ya ɓace. Sai ya zama shi ne babba, hotonsa a bangon faifai. Gashinsa ya fara fari a gabanmu, faifai bayan faifai.

“Yanzu kuma shi ke riƙe da akala,” in ji Kawu. “Ya yi fim nasa na kansa. Shi ya rubuta, shi ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya. Yaya, in ya iso hannun tsohuwar nan, ranar ba girki.”

“Kai kuma kana nan kana auna ƙugun wando,” in ji Abba.

“Alhaji, shi ma da kujera ɗaya ya fara.”

“To ga kujera nan, zauna, ka tare mana hoto.”

Akwai abin da ni kaɗai na sani. A ƙasan hoton rubutun Sinanci yana wucewa, ni kuma ina karanta shi. Tun tuni na gane Kawu yana ƙara gishiri. In Mai Kunne ya ce zai hau jirgin ƙasa, Kawu sai ya sa shi a motar Dakoro, har da akuya a kan cinya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Nasa ya fi daɗi.

Shekarar wasannin Olamfik komai ya tsananta. Biza ta yi wuya, 'yan sanda suna tare mutane a bakin Tianxiu suna duba fasfo, shaguna da yawa a hawan su Abba an ja musu ƙofa. Wanda ya fita daga ƙasar ba shi da tabbacin dawowa. A wannan damina Umma tana da tsohon ciki. Kafin shi ta yi ɓari sau biyu, na biyun har ta kwana asibiti. Wannan karon jininta ya hau, ƙafafunta suka kumbura har silifas ba ya shiga. Ni na fassara wa Abba maganar likita: ta kwanta, kada ta ɗau nauyi, kada a gaya mata abin da zai tayar mata da hankali. Likitar ta maimaita na ƙarshen sau biyu tana kallona, kamar ni ce mai tayarwa.

An ba mu hutu, don haka nakan bi Abba ofis in zauna bayan kwalaye ina aikin makaranta. Wata Asabar wajen la'asar na ga mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, 'yan Maradi da 'yan Yamai, ba wanda ya tambayi kaya. Kowa sai ya durƙusa gaban Kawu, ya yi magana ƙasa-ƙasa, a shafa fatiha. Kawu yana zaune a kan kwalin takalma, hularsa a gwiwa. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ran nan. Wani dattijo ya ce, “Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta.” Sai na gane Kaka ce, uwar Umma da Kawu. Ta rasu da asuba, kafin labari ya iso mana har an kai ta.

Abba ya hango ni. Ya zo ya tsuguna, abin da bai saba ba.

“Kin ji?”

Na ɗaga kai.

“To ba ki ji ba. Sai Ummanki ta sauka lafiya. Kin gane? Rai biyu ne.”

Dattawan sun yanke cewa Kawu ba zai tafi zaman makoki ba. In ya tafi kwatsam Umma za ta tambaya. Zai zauna, ya ci gaba da zuwa bayan la'asar kamar kullum. Ran nan ma ya zo. Ya wanke fuska a famfon ofis, ya sa hula, muka hau gida tare. A cikin lif ya yi ta buɗe baki yana rufewa, kamar mai gwada ko muƙamuƙinsa na aiki.

Kaka ba ta da waya. Kowace Juma'a Umma takan kira babban wansu, ya kai mata. Wannan Juma'ar ya ce tsohuwa ta tafi ƙauye duba gona, can kuma ba layi. Umma ta yi tsaki.

“Da wannan ƙafar tata? Wa ya bar ta?”

“Wa ya isa ya hana ta?” in ji Kawu. Umma ta ce gaskiya ne.

A makon kuma wani ɗan Maradi ya iso da saƙon da Kaka ta ɗaure tun kafin ta kwanta: kanwa don kunun jego, daddawa, kuka, da zanen goyo saƙi mai ratsin baƙi. Ɗaurin nata ne, ƙulli uku, na ƙarshe a karkace. Umma ta ƙi yanke igiyar, ta kwance da farce, ta sa zanen a hanci. “Ƙamshin ɗakinta,” ta ce. Kawu ya fita baranda ya daɗe yana kallon titi.

A wannan Juma'ar ce fim ɗin ya iso. Makonni Kawu yana tambayar tsohuwa mai faifai, tana ce masa meyo, babu. Ran nan ta hango shi ta ɗaga faifan sama tana kira, “Lawban! Lawban!” Wato maigida. Ina tare da shi. Ya tsaya kamar ba zai karɓa ba. Amma Umma ta fi kowa jiran fim ɗin, kullum sai ta tambaya, kuma kwana shida ke nan barkwancin Kawu ba ya tashi, har ta fara ce masa ko ba shi da lafiya. Ya karɓa. A bangon faifan Mai Kunne ne yana murmushi, riƙe da jaka. Ba wanda zai yi zaton komai.

Abba yana ofis. Umma ta jingina da filo biyu, ƙafafunta a kan kujera, fanka tana kaɗa labule. Ni ina ƙasa kusa da ita. Kawu ya tsaya a wurinsa.

Fim ya buɗe da Mai Kunne a bayan dandamali yana shafa hoda, ana jin tafin mutane. Aka miƙo masa waya. Ya saurara. Rubutun ƙasa ya ce: mahaifiyarka ta rasu yau da safe.

Na kalli Kawu. Shi ba rubutu yake karantawa ba, da kunnensa ya ji. Babban yatsansa yana kan maɓallin kashewa, ina ganin farcen ya yi fari. In ya kashe, sai ya faɗi dalili.

“Me aka ce masa?” in ji Umma. “Ka yi shiru.”

“An ce masa,” in ji Kawu, “tsohuwarsa ta ɓatar da haƙoranta na roba. Ta kulle kanta a ɗaki, ta rantse ba za ta fito ba sai an gano su.”

Umma ta fashe da dariya, ta riƙe cikinta. “Kai, wannan mata! Ita ce dai ta wayar nan?”

“Ita ce, Yaya.”

Daga nan bai sake tsayawa ba. Mai Kunne ya hau jirgi yana kallon taga, Kawu ya ce lissafin kuɗin sababbin haƙora yake yi. Ya isa ƙauyensu, mata suna rungume shi suna kuka, Kawu ya ce kowace tana rantsuwa ba ita ta ɗauka ba. Da aka nuno ƙofar coci, na ga gefen wani dogon akwati, sai hoton ya ruga da gudu.

“Faifan ya karce,” in ji Kawu. “Kayan ƙarƙashin gada ke nan.”

Ya saki maɓallin a inda mutane cikin baƙaƙen kaya suke tafiya a hankali kan wata siririyar hanya, kowa kansa a sunkuye.

“Kin gani, gari duka ya fito nema. Ga mai gari can gaba. Ka duba da kyau, malam, kada ka taka!”

Umma tana dariya har tana cewa ya bari, ya bari, cikinta zai ƙulle. Hawaye na bin kuncinta. Na Kawu ma suna zuba, yana sharewa da bayan hannu yana cewa, “Wallahi mutumin nan zai kashe ni.” Rigarsa ta jiƙe a baya tun daga wuya har ƙugu, alhali fanka a kansa take.

Sauran fim ɗin a gidan tsohuwar aka yi shi. Mai Kunne yana buɗe durowa, yana ɗaga kwanoni, ya ɗauki wani gyale ya sa a hanci. Wannan bai ba Kawu wahala ba, nema ne. A ƙarshe mutumin ya jawo kujera ɗaya, irin ta faya-fayan farko, ya ajiye ta a tsakar ɗaki, ya zauna a ƙasa yana yi mata magana. Ya daɗe. Ina karanta abin da yake faɗa, ina jin Kawu yana cewa, “Tsohuwa, fito haka nan. Mun saba ganin dasashi. Fito ki ci tuwo, ba ya son tauna.” A kan kalmar tuwo muryarsa ta karye, ya mayar da ita tari.

Da rubutun ƙarshe ya fara hawa, Umma ta goge ido da bakin zane.

“To har aka gama ban ga tsohuwar ba.”

“Wa zai fito gaban duniya ba haƙora, Yaya?”

Ta sake dariya, kaɗan. Sannan ta juyo gare ni.

“Ke mai karatun Sin, na ga bakinki yana motsi. Haka rubutun ya ce? Kin san kawunki da ƙari.”

Kawu bai kalle ni ba. Yana ta ƙoƙarin mayar da faifan cikin leda, ledar tana zamewa. Na kalli ƙafafun Umma, inda yatsana ya taɓa ɗazu wurin ya lotsa bai dawo ba.

“Haka ya ce,” na ce.

Ban taɓa yi mata ƙarya ba kafin ran nan. Ta shafa kaina ta ce a ɗora ruwan shayi.

Umma ta sauka bayan an rufe wasannin, ana shirin azumi. Mace ce, ƙarama, da yatsu dogaye. Likitar ta ce jinin ya sauka, su biyun lafiya. Abba ya yi sujada a barandar asibiti, masu shara suna kallonsa.

Kwana uku da dawowarsu gida, Umma tana shan kunun kanwar da Kaka ta aiko, ta ce wa Abba sunan Kaka take so a sa.

“A nemi wanda zai je ƙauyen nan ya kai mata waya. In gaya mata da bakina ta yi takwara.”

Abba ya kalli Kawu. Kawu ya cire hula. Umma ta ga tsakiyar kansa, ta ajiye kofin.

Shi ya faɗa, a durƙushe. Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati sau uku, ta gyara wa jaririyar wuya, sannan ta tambayi yaushe. Ya faɗi ranar. Sai ta fara ƙirga Juma'o'i da yatsu, tana komawa baya, ta tsaya a kan ɗan yatsa na biyar.

“Ranar haƙora,” ta ce. “Ranar ce bakwai ɗinta.”

Ta sauke hannun, ta ci gaba.

“Ana can ana raba sadakar uwata, ni ina nan ina riƙe ciki don dariya. Kun bar ni.”

“Likita ce ta ce,” in ji Abba. “Rai biyu...”

“Na sani, Alhaji. Ba ɓoyewar nake faɗa ba.” Ta kalli Kawu. “Da ka bar ni kwance kawai. Da ka ce faifan meyo.” Sannan idonta ya sauko kaina. “Har da ke.”

Bizar Kawu ta ƙare a makon, aka ƙi sabunta masa. Washegarin suna ya zo sallama da jakarsa. Umma tana kwance ta fuskanci bango. Ya ce, “Yaya, zan tafi. Zan je kabarin.” Ta ce, “Allah ya kiyaye hanya,” ba ta juyo ba. Ya ɗan tsaya a gefen talabijin, a wurinsa, sannan ya ajiye rimot a kai ya fita. Ban san ma yana riƙe da shi ba.

Aka koma makaranta. Umma tana wankan jego, tana shayarwa, tana magana da ni a kan abinci da wanki, ba ta wuce nan. Kawu yakan kira daga Maradi, ta ce a ce tana barci.

Bayan sallar azumi, wata ranar Lahadi ana ruwa, ta goya ƙanwata da zanen saƙin nan, ta zauna a kujera ta ce in ɗauko faifan.

“Wanne, Umma?”

“Kin sani. Ki sa, ki karanta mini abin da aka rubuta. Kada ki ƙara, kada ki rage.”

Na sa. Na so in zauna a ƙasa, amma daga can ba na ganin ƙananan haruffa sosai, sai na tashi na tsaya gefen talabijin. Muryata ta fito siririya. Na ce, “An ce masa mahaifiyarsa ta rasu yau da safe.” Umma ta rufe ido ta buɗe.

Ban tsallake komai ba. Faifan bai karce ba, ta ga akwatin, ta ga ramin. Masu baƙaƙen kaya suka wuce da kawunansu a sunkuye, ɗakin shiru sai ruwa a kan rumfar baranda. Wasu kalmomin ban san Hausarsu ba, sai in tsayar in yi ta kewaye, ita kuma tana jira. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba a rayuwata.

Da aka zo wurin kujera na karanta mata. Mutumin yana cewa shekara da shekaru yana cin abinci da muryarta, mutane suna biya su ji yadda take faɗa, shi kuwa in ta kira sai ya ce yana aiki. Ta ce ya zo bana, ya ce sai ya gama. Yanzu ya gama.

Umma ta ɗaga hannu, na tsayar. Hoton ya daskare a kan kujerar.

“Shi ba karantawa yake yi ba,” ta ce. “Ji yake yi.”

“E, Umma.”

“Duk wannan ya shiga kunnensa.”

“E.”

“Yana tsaye nan inda kike.”

Na kalli ƙafafuna. Tayil ɗin wurin yana da tsaga, ban taɓa lura ba.

“Kwana bakwai da rasuwar uwarsa,” ta ce. “Shi ne autanta. Har ya yi gemu a kwanonta yake ci.”

Sai ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka gaya mata, da ƙarfi, har ƙanwata ta farka a bayanta ta kama nata. Ban san abin da zan yi ba, na tsaya da rimot a hannu. Da ta lafa, ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, ta ce in miƙo waya da katin kira. Ni na karce katin, na danna lambobin, na miƙa mata. Wayar ta yi ƙara sau huɗu.

“Auta,” ta ce. “Ni ce.” Ta saurara. “A'a, bari. Bari, na ce. Ka ci abinci?”

Kawu bai sake samun biza ba. Yana Maradi har yau, yana da shagon wanduna kusa da tasha. An ce yara sukan roƙe shi ya fassara musu fim, yakan ce Faransancinsa ya tsufa. Mai Kunne ya yi wasu finafinan bayan wannan, nakan ga fuskarsa a tiren tsohuwar in na bi ta ƙarƙashin gada, gashin ya gama fari. Takan ɗaga mini faifan ta tambayi ina lawban. Nakan ce ya koma gida.